Ƙasar da Tosu Ya Sha

Barandar gidan marigayi Baba Agosu ta faɗo ne da hantsi, ranar da babu iska babu ruwa, ta danne tsohon telan nan Zinsu a kan kekensa. Shekara da shekaru yana ɗinki a ƙarƙashinta. Kafin a ɗaga kankaren rai ya yi halinsa, kafin kuma a wanke jinin Tokpota ta yanke hukunci, don mu a unguwar nan ba ma jiran alƙali. Tosu magini ne ya jawo, in ji kowa. Shi ya haƙa wa maƙwabci ramin shadda a jikin katangar gabas bara, shi aka ji suna cacar baki da Zinsu a kan wandon da aka ɓata masa. Saura kaɗan matasa su gama da shi a bakin famfo, 'yan sanda suka ƙwace shi da fasasshen leɓe.

Washegari matarsa Afiyabi mai sayar da akasa, wato agidi, ta tsallaka rabin birnin Porto-Novo da goyo, ta durƙusa a ƙofar Dansu.

Dansu injiniya ne, shi kotu ke kira idan gini ya ci mutum, amma ba wanda ke ce masa injiniya. Mai-bin-sawu ake kiransa. Ubansa maharbin gyazbi ne a ciyayin bakin tafki, shi kuma ya gaji idon, sai dai abin da yake bi tsagar bango ce. Makaminsa bai fi katin shaida girma ba: wata 'yar roba garai-garai, ana ganin komai ta cikinta, an jera mata baƙaƙen layuka daga mai sirantar gashi har mai kaurin tsinken ashana. Ya ɗora ta a kan tsaga, ya ja ta a hankali har ya sami layin da ya rufe tsagar daidai, shi ke nan ya san faɗinta. Yara na ce masa likitan bango.

Afiyabi ba ta yi kuka ba, abin da ya fi damun Dansu ke nan. Ta ce mijinta matsoraci ne, ko kaza ita ke yankawa. Ta ce yara uku ne, babu mai ci da su sai shi.

"Fofo," ta ce, wato yaya namiji a yarenmu, "an ce katinka ba ya ƙarya."

"Ba shi da bakin yi, Dada 'yar'uwata. In ba ramin mijinki ba ne, katin zai nuna, ni kuma zan faɗa wa kotu."

Ta ce ya isa. Ta ajiye masa ƙullin akasa biyu a ganye, ya ce ta ɗauka, ta yi kamar ba ta ji ba.

* * *

A ofishin 'yan sanda ya tarar da Birgadiye Sabi, wani dogon ɗan arewa da aka turo kudu, yarenmu na Gun a bakinsa rabi da rabi ne, amma ya fi masu yaren son yin sa. Sabi ya ce aikin ya ƙare, don mutumin ya ƙi kare kansa. Aka fito da Tosu, gajere, hannuwa kamar faranti, ido a ƙasa. Dansu ya tambaye shi zurfin ramin, ya faɗa. Ya tambaye shi tazararsa da katanga, ya faɗa. Da ya tambaye shi ko ya taɓa yin wani aiki a cikin gidan Baba Agosu, sai bakin ya rufe.

"Tosu, matarka ce ta turo ni. Taimake ni in taimake ka."

"Na sha ƙasa, Fofo," in ji shi.

Sabi ya buga tebur yana dariya, ya ce to ka ji, ya faɗi, ya sallama, me kuma ake nema? Dansu ma haka ya ɗauka, maganar mutumin da duniya ta kayar. Ya fita ransa babu daɗi.

* * *

Gidan bene ne hawa ɗaya, iyali a ƙasa, 'yan haya a sama. Yana ta ƙyalli da sabon fenti shuɗi, don ba a daɗe da bikin binne Baba Agosu ba, kuma a nan ba a binne babban mutum gidansa na da datti. Dansu ya tuna bikin. Wa zai manta? An yanka shanu, an yi anko, masu busa da ganguna suka raka akwatin har maƙabarta, 'yan acaɓa suka yini suna zagi don an tare hanya.

Babban ɗan marigayin, Hunsu, ma'aikacin tashar jirgin ruwa a Kwatano, ya tarbe shi da hannu biyu da kwalbar lemo. Mutum ne mai laushin murya, irin wanda ke gode maka tun ba ka yi masa komai ba. Shi da kansa ya kai shi bakin ramin Tosu, ya tsaya a bayansa.

Akwai tsaga a katangar gabas, gaskiya ne. Dansu ya ɗora kati. Layin farko, mai sirantar gashi, shi ya rufe ta. Ya matsa gaba, haka. Ya kara ido sosai ta cikin robar, sai ya ga shuɗin fenti ya shiga har cikin tsagar ya bushe. Tsohuwa ce ke nan, mai fenti ya same ta a nan ya bi ta kanta, kuma tun ranar ba ta motsa ba.

"Ba wannan ce ta kashe Zinsu ba," in ji Dansu.

Hunsu ya ce to, Allah ya sa haka, shi ma ba ya son a zalunci kowa. Sannan ya rage murya ya ce da Dansu zai leƙa sama, akwai wata mai wanki da ke jibge gangunan ruwa a baranda, ya yi magana har ya gaji.

Mai wankin, Maman Sika, ta ji ana zancenta tun daga ƙasan matakala, ta fito da kumfa har gwiwar hannu.

"Ni ce na kashe shi? Da wane ruwan? Famfon gidan nan ya fi sati yana tari. Zo ka buga gangunan, likitan bango, in ka ji ruwa ka sha."

Ya buga, fanko ne. Ita kuma ta ba shi nata wanda ake zargi: wanda ya ɗora benen tun tana budurwa, kowa ya san da yashin teku ya yi aiki, gishiri ya cinye rodi. Wannan magana ce mai kama hankali, Dansu ya ga gidaje da yawa da gishiri ya ci daga ciki. Ya sauka wajen ɓaraguzan, ya duba rodin da ya tsinke. Fes yake, babu tsatsa. Ya murje ɗan kankare a tafinsa ya ɗanɗana, Maman Sika na leƙowa daga sama tana cewa a kawo masa yaji. Babu gishiri.

Da zai koma ciki ya yi karo da igiyar shanyarta. An ɗaure ta ne a jikin wasu sanduna biyu masu kaurin cinya, kowacce da guntun katako a ƙuse a kanta. Ya ce wannan ai sun fi ƙarfin zannuwa. Ta ce kyauta ce, Tanyi, gwaggon masu gidan, ce ta sa aka fito da su daga ciki bayan biki, ita kuma ba ta barin abu ya lalace. Ta ƙara da cewa in ya gama lasar ƙasa ya duba mata ƙofarta, tun bayan bikin nan sai ta sa kafaɗa take rufuwa.

Tun bayan biki. Dansu ya tsaya da kati a hannu.

* * *

Daga nan ya daina tambayar mutane, ya koma tambayar bango. Ya fara daga inda barandar ta rabu da gini. Tsagar wurin ba ta da fenti a ciki, bakinta fari tas, sabuwa ce, bayan mai fenti aka haife ta. Ya bi ta. A falon ƙasa layi na tsakiya ne ya rufe ta. Ya shiga lungun da ke kaiwa ɗakunan iyali, ya sake ɗorawa, ta wuce wannan layin. Duk takun da ya yi nesa da ramin Tosu sai ta ƙara ƙiba. Wata ta fito daga kusurwar taga ta hagu ta gangaro, wata daga dama, duk sun karkata wuri guda kamar awaki sun ga mai dusa. A ƙarshen lungun, layin ƙarshe mai kaurin ashana ya kasa rufe ta. Ta sauka daga bango ta bi daɓe, ta shige ƙarƙashin wata ƙofa.

A gaban ƙofar wata tsohuwa ke zaune a kan kujera 'yar tsugunne. Tanyi Ayaba ce, ƙanwar marigayi, wadda ke riƙe da al'amuran kakannin gidan. Ba a yin suna ko aure ko binnewa sai ta zuba ruwa a ƙasa ta yi magana. Dansu ya cire hula ya rusuna.

"Tanyi, ɗakin wa ke nan?"

"Na yayana."

"Zan iya leƙawa?"

"Ɗana, kai ɗan wane gida ne da ba a koya maka ba? Ba a shiga ɗakin mamaci sai shekara ta zagayo."

Ya ba ta haƙuri. Yana sunkuye ne ya ga bakin ƙofar: manja ya jiƙa daɓen, ga farin gari, ga warin sodabi, giyar da ake zuba wa matattu. Sabo ne, na safiyar ranar. Mutumin da ke maƙabarta, a maƙabarta ake kai masa abin sha.

Ya fito tsakar gida ya zauna a kan bulo. Na sha ƙasa, Fofo. Kaico, shi da aka haifa a garin nan, ya bar ɗan arewa ya fassara masa yaren uwarsa. Ba faɗuwa Tosu ke nufi ba. Ƙasa ya sha ta gaske, wadda ake dama wa mutum a ƙoƙo da sodabi, ya rantse in ya buɗe baki ta ci shi da 'ya'yansa. Ba a kuma shayar da mutum ita sai ya ga abin da ba a so a ji. Akwatin da aka raka da busa, ko me ke ciki, ba Baba Agosu ba ne. Tsohon yana nan a binne inda gadonsa yake, kamar yadda iyayensa suka kwanta a nasu ɗakunan, sai dai su ba su da bene a kansu. Izinin hukuma na binnewa a gida kuwa iyalin sun san ba za su samu ba, da 'yan haya a sama. Kuma duk Tokpota, in ana son rami mai kyau cikin sirri, mutum ɗaya ake kira.

Yana nan zaune Afiyabi ta shigo da sauri, fuskarta a washe. Labari ya riga ya kai kasuwa cewa kati ya wanke ramin shadda. Ta kama hannunsa da hannu biyu tana sa masa albarka, ta ce ta san Allah ba ya barci, ta ce gobe za ta dafa wa Tosu miyar kaguwa. Dansu ya ɗaga kai. A saman kansu yaran Maman Sika na guje-guje, yana jin dudu ɗin ƙafafunsu a kan kankaren.

Ya so ya yi shiru, wallahi ya so. Ya so ya rubuta cewa ramin ba shi da laifi, ya tsaya nan, Tosu ya koma gida. Amma da ta tafi ya koma lungun ya sake ɗora kati a inda ya yi alama da fensir ɗazu, ya ga tsagar ta ƙaru. Gidan bai gama faɗuwa ba.

Ya ja Hunsu gefe, ya roƙe shi kamar ɗan'uwa: ya kwashe mutane, ya faɗi gaskiya da bakinsa, abin zai zo da sauƙi ga kowa. Hunsu ya saurare shi har ƙarshe, ya gode masa, ya ce mahaifinsa na maƙabarta, gari guda ya raka shi.

* * *

Da safe Sabi ya tara su a tsakar gida, ya kawo Tosu da ankwa. Ga Hunsu, ga Tanyi, ga Maman Sika da sauran 'yan haya, ga 'yar Zinsu cikin baƙaƙen kaya, ga rabin unguwa a kan katanga. Afiyabi ta zo da kwano a ɗaure cikin ɗankwali.

Dansu bai yi dogon jawabi ba. Ya nuna musu tsagar gabas da fenti a cikinta, ya ce ramin Tosu bai taɓa gidan nan ba. Afiyabi ta ɗaga hannu sama. Ya ce ba ganguna ba ne, ba gishiri ba ne. Sannan ya ba Sabi katin ya ce ya bi da kansa. Sabi ya bi, layi bayan layi, jama'a na biye da shi, har suka tsaya a gaban Tanyi.

Ta ce sai dai a taka ta. Sabi ya dubi rufin, ya dubi yaran da ke leƙe daga matakala, ya ce wa Hunsu ya kawo makulli ko a kawo guduma. Hunsu ya kawo.

Babu gado a ɗakin. Sabon tayil ne fari a gefe guda, tsawon mutum, da ƙananan sandunan ƙarfe na kakanni a kafe a kansa, da ƙoƙo. A jikinsa ginshiƙin da ke ɗauke da benen yake, ya nutse, daɓen ya dare kewaye da shi. Dansu ya kai katin jikin tsagar, ba a kwance ba, a tsaye ya zura shi, katin ya shige ciki har rabi. Ya yi bayani a hankali: ginshiƙi yana da ƙafa mai faɗi a ƙarƙashin ƙasa, kabarin ya faɗa a kanta, wani ya sare ta don akwati ya sami wuri.

Ya ɗaga kai ya dubi sama. A rufin kankaren, hagu da dama na ginshiƙin, akwai tabo biyu masu kusurwa huɗu inda katako ya danne sabon fenti.

"Birgadiye, duba nan. Wanda ya haƙa ya san haɗarin, ya tokare benen da sanduna biyu kafin ya tafi. Da suna nan, da Zinsu na kan kekensa. Ga su can a waje ana shanya a kansu. Wa ya sa aka cire?"

Maman Sika ta buɗe baki, ta dubi mai gidan hayarta, ta dubi 'ya'yanta, ta ce ita dai ta tsince su ne a tsakar gida. Tanyi ta ce sandunan rumfar biki ne, ɗakin yayanta kuma ba rumbu ba ne da za a cika shi da itace.

Sai Hunsu ya yi gyaran murya, idonsa ya ciko. Ya ce ya amsa, sun binne mahaifinsu a ɗakinsa, wasiyyarsa ce, kuma duk tarar da hukuma ta yanka zai biya. Amma shi ma'aikacin tasha ne, me ya sani game da ƙafar ginshiƙi? Shi ya sa suka ɗauko gwani suka biya shi. Gwanin bai ce musu komai ba. Bai ga wata tokara ba.

"Wane ne gwanin?" in ji Sabi.

Hunsu ya nuna Tosu da haɓa.

Kwanon Afiyabi bai faɗi ba, ta dai ajiye shi a ƙasa a hankali. Ta je gaban mijinta ta durƙusa.

"Baban Kosi, faɗa musu. Ka ce ka gaya musu kada a sare. Na san ka, ko ƙusa ba ka bugawa sai ka yi gardama. Faɗa musu kai ka sa sandunan."

Tosu ya dubi Tanyi. Ita kuwa tsohuwar, ƙoƙon da ke kan tayil kawai ta kalla.

"Yaran, Afi," in ji shi.

Dansu ya ce zai rubuta tabon, zai rubuta sandunan, zai auna katakon da tabon a gaban alƙali. Sabi ya ja shi gefe, yau babu dariya. Ya ce masa ya je ya rubuta, amma tabo ba ya faɗin wanda ya sa ko wanda ya cire, kuma mutumin da abin zai cece shi ya ƙi cewa nasa ne. Jiya zargi ne kawai a kansa, da wuya ya tsaya a kotu. Yau akwai kabari, akwai sarar ƙafar ginshiƙi, akwai shaidar mai gida. Ya mayar masa da katin, ya ce aiki ya yi kyau.

Aka ba 'yan haya zuwa la'asar su kwashe. Suka fara sauko da katifu da tukwane suna jibgewa a titi, ba wanda ya san inda zai nufa. Maman Sika ta kwance igiyarta ba ta dubi kowa ba. Hunsu ya hau bayan ɗan acaɓa ya bi motar 'yan sanda don ya ba da bayani, har da ɗaga wa maƙwabta hannu. Tosu kuwa a bayan motar aka sa shi.

Dansu ya tsaya a ƙofar gida, ya rasa inda zai sa idonsa. Afiyabi ta fito ta gyara goyo, ta ɗauki kwanonta, ta tsaya a gabansa. Ya yi shirin zagi, ya ma fi son ta zage shi.

"An ce ba ya ƙarya," ta ce, tana kallon aljihun rigarsa. "Gaskiya ne, Fofo. Ni ce na je har gida na kira ka."

Ta miƙa masa kwanon. Ya ce Dada, don Allah. Ta ce ba a shiga da miya mai ƙashi wurin da aka kai shi, yaran kuma ba za su iya ci ba yau. Ta ɗora masa a hannu, da sauran ɗumi, ta bi titi da ƙafa ta inda motar ta bi.